The Wire, The Sopranos ko Breaking Bad: wanne ya cancanci ka ba shi dararenka?

Duk inda masu kallon shirye-shirye masu dogon zango suka haɗu, in dai hira ta yi nisa, sai an iso kan tambayar nan: wane shiri ne ya fi kowanne tun da aka fara talabijin? Sunayen da ake jefowa kuma ba sa wuce biyar ko shida. Wani ya ce The Sopranos, wani ya kafe a kan The Wire, na uku ya ce wanda bai sa Breaking Bad a gaba ba bai san kallo ba. Masoya Mad Men ba su cika ɗaga murya ba, amma ba sa ja da baya. Game of Thrones kuwa har yau ana ambatonsa da ciwon rai.

Wannan rubutu na mutumin da ke gefe ne yana sauraro, bai kalli ko ɗaya ba. Yana da awa ɗaya ko biyu kowane dare, ya sha jin yabon duka biyar ɗin, ya rasa wanda zai fara. Abin da ke ƙara rikita shi shi ne masu musun sun cakuɗa tambayoyi biyu. Wanne ne ya fi girma a matsayin aikin fasaha, wannan ɗaya ce. Wanne ne ya dace da kai a halin da kake ciki, wannan wata ce daban, kuma amsoshinsu ba lallai su zo ɗaya ba. Ni dai ina da ra'ayi mai ƙarfi a kan ta farko, zan kuma faɗe shi. Amma ta biyun ce za ta cece ka daga ɓata wata biyu a kan abin da ba naka ba.

Ma'aunin da na ɗauka

Na farko tsada. Kuɗin rajistar manhajojin kallo ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma shiri yakan tashi daga wannan manhaja ya koma waccan. Abin da ba ya canzawa shi ne tsawon shirin. In kana kallon kashi ɗaya kowane dare, shiri mai kashi 60 kuɗin wata biyu ne, mai kashi 90 kuma na wata uku, ban da data ga mai kallo ta intanet. Saboda haka da awoyi zan auna tsada.

Na biyu ƙarko. Shin shirin yana riƙe ingancinsa daga zangon farko har na ƙarshe? In ka dawo masa bayan shekara goma, ko ka maimaita shi ka riga ka san abin da zai faru, akwai sauran abin da zai ba ka?

Na uku sauƙin shiga: kashi nawa za ka haƙura kafin ya kama ka, mutum nawa za ka riƙe sunayensu a ka, kuma yaya Turancinsa yake a kunne.

Na huɗu haɗari, shi ma iri biyu ne. Akwai haɗarin ka zuba awa saba'in a ƙarshe a watsa maka ƙasa a ido. Akwai kuma abin da idonka zai gani da abin da kunnenka zai ji, wato tsiraici, ashar da zubar da jini. Tun yanzu in faɗa, babu ko ɗaya a cikin waɗannan da ya dace a kalla tare da yara.

Ban sa kyautar Emmy, babbar lambar yabo ta shirye-shiryen talabijin a Amurka, cikin ma'auni ba, ko da yake na saka ta a jadawali. Dalilin yana cikin jadawalin kansa.

| Shiri | Tasha da shekaru | Zango | Kashi | Kimanin awoyi | Emmy | Sauƙin shiga | Yadda ya ƙare |
|---|---|---|---|---|---|---|---|
| The Sopranos | HBO, 1999 zuwa 2007 | 6 | 86 | 75 zuwa 80 | 21 | matsakaici | ana musu a kai har yau |
| The Wire | HBO, 2002 zuwa 2008 | 5 | 60 | 60 | 0 | da wuya | ya rufe da kyau, zangon ƙarshe ya ɗan sauka |
| Mad Men | AMC, 2007 zuwa 2015 | 7 | 92 | 70 da ɗoriya | 16 | sai mai haƙuri | ya gamsar |
| Breaking Bad | AMC, 2008 zuwa 2013 | 5 | 62 | 50 | 16 | mai sauƙi | ya gamsar sosai |
| Game of Thrones | HBO, 2011 zuwa 2019 | 8 | 73 | 70 | 59 | matsakaici | ya ɓata wa mutane da yawa rai |

The Sopranos

Ranar 10 ga Janairun 1999 ya fara fita, David Chase ne ya ƙirƙiro shi. Labarin Tony Soprano ne, jigo a cikin 'yan mafiyar jihar New Jersey, wanda marigayi James Gandolfini ya fito a matsayinsa. A kashin farko wasu agwagin daji sun sauka a tafkin ninƙaya na bayan gidansa, sun zauna da 'ya'yansu. Wannan ƙaton mutum da ake shakka a gari sai ga shi cikin ruwa da rigar wanka, yana jefa musu abinci yana murna kamar yaro. Ran da suka tashi suka bar gidan, numfashinsa ya sarƙe, ya yanke jiki ya faɗi. Daga nan ya fara zuwa wurin likitar ƙwaƙwalwa, Dokta Melfi, a ɓoye, domin in abokan sana'arsa suka ji yana zama yana buɗe wa wata cikinsa, ransa na iya tafiya.

Wannan zama da likita shi ne ginshiƙin shirin. Ta nan ake shiga zuciyar mutumin da ke son 'ya'yansa da gaske, yake tsoron mahaifiyarsa Livia, yake cin amanar matarsa Carmela, yake kuma kashe mutane. A kashi na biyar ya ɗauki 'yarsa Meadow zuwa jihar Maine don duba jami'o'in da za ta shiga, a hanya ya hango wani da ya taɓa tona musu asiri ga hukuma, ya bi shi ya shaƙe shi da igiya, sannan ya koma wurin 'yar tasa. Kafin wannan lokaci ba a saba ganin jarumin shirin talabijin ya yi haka a gaban mai kallo a kuma ci gaba da bin labarinsa ba. Ƙofar da aka buɗe a wannan kashi ta nan Walter White na Breaking Bad da Don Draper na Mad Men suka shigo daga baya. Matthew Weiner ma, wanda ya ƙirƙiro Mad Men, ya yi aikin rubutu a The Sopranos. A 2004 The Sopranos ya zama shirin tashar biyan kuɗi na farko da ya ci Emmy ta gwarzon wasan kwaikwayo, a 2013 kuma ƙungiyar marubutan fim ta Amurka ta sa shi na ɗaya a jerin shirye-shiryen da suka fi kyan rubutu.

Ta fuskar tsada yana cikin masu nauyi, kusan wata uku. Ƙarkonsa kuwa babu na biyunsa a cikin biyar ɗin nan. A kallo na biyu ne za ka gane yadda yake da ban dariya, da yadda kowa a cikinsa yake yaudarar kansa, musamman Carmela, wadda ta san daga inda kuɗin gidan ke fitowa, take kuka a gaban limamin coci, take kuma karɓar sarƙa. Shiga ba ta da wuya sosai, sai dai wanda ya zo neman harbe-harbe zai tarar da rigimar gida da mafarkai masu tsawo, wasu kasusuwan ma babu abin da ke motsawa a cikinsu sai zuciyar mutane. Haɗarinsa a fili yake. Akwai tsiraici da yawa saboda wurin zaman su Tony gidan rawar tsiraici ne, ashar kamar ruwan sama, zango na uku kuma yana da cin zarafin mata mai wuyar kallo. Ƙarshensa bai ba da amsa ba. Daren da aka nuna shi a Yunin 2007 mutane da yawa sun zaci talabijin ɗinsu ce ta lalace. Ni ina ganin rufewar ta dace da shirin, amma in kai mai son a ƙulle maka kowane zare ne, ka san da wannan tun kafin ka fara.

The Wire

A nan zan daɗe, domin shi ne zaɓina.

David Simon ya yi shekaru yana ɗauko wa jaridar Baltimore Sun labaran 'yan sanda. Abokin aikinsa Ed Burns ɗan sandan binciken kisan kai ne a birnin, daga baya ya koma koyarwa a makarantar gwamnati. Su biyun suka gina shiri a kan birnin Baltimore kansa. Kowane zango yana buɗe wani sashe: na farko masu sayar da ƙwaya a unguwannin talakawa da 'yan sandan da ke sauraron wayoyinsu a asirce, na biyu tashar jiragen ruwa da ma'aikatanta da aikin ke ƙare musu, na uku siyasa da ofishin magajin gari, na huɗu makarantu, na biyar gidan jarida. Tsofaffin mutane ba sa ɓacewa in an shiga sabon zango, sai dai da'irar ta ƙara faɗi, har ka ga yadda shawarar da aka yanke a ofis mai sanyi take sauka a kan yaro ɗan shekara goma sha uku a bakin titi.

Akwai wani wuri a farkon zangon farko da ya ɗauke shirin gaba ɗaya. D'Angelo, wanda ke kula da yaran da ke sayar da ƙwaya a wata farfajiya, ya tarar da biyu daga cikinsu da allon darar ces, ba su iya ta ba, suna buga wata dara daban da 'ya'yanta. Ya zauna ya koya musu da harshen sana'arsu: wannan shi ne sarki, kamar ubangidansu, ba ya yawan motsi, kowa kare shi yake yi. Wannan sarauniya ce, ita ke zuwa ko'ina ta gama aiki. Waɗannan ƙananan na gaba kuma sojoji ne, su ake fara cinyewa. Ɗaya daga cikin yaran ya tsaya a kan ƙananan nan, yana son ya ji ko in ɗayansu ya kai ƙarshen allo zai zama babba. Yaran ba su san kansu suke kallo a kan allon ba, mai kallo kuwa ya sani, kuma zai tuna da wannan zama har zango na huɗu.

Abin da ya raba The Wire da sauran shi ne inda ya ɗora laifi. A The Sopranos da Breaking Bad, mutum ne ke lalata kansa da na kusa da shi. A nan tsari ne ke cin mutane. Shugaban 'yan sanda yana son alƙaluman laifi su sauka kafin zaɓe, sai a mai da babban laifi ƙarami a takarda. Makaranta tana son sakamakon jarrabawa ya tashi, sai a daina koyarwa a koma haddar tambayoyi. Edita yana son lambar yabo, sai ya kau da kai daga ɗan jaridar da ke ƙirƙirar labari. Ɗan sanda nagari da dillalin ƙwaya mai hankali duk abu ɗaya ke samunsu in suka nemi gyara gidan da suke ciki. Duk wanda ya taɓa aiki a wata ma'aikata, ko ina take a duniya, zai gane fuskokin nan.

Zango na huɗu shi ne, a ganina, mafi kyawun abin da aka taɓa yi wa talabijin. Yara huɗu ne 'yan aji ɗaya, Michael, Namond, Randy da Dukie. Malaminsu na lissafi tsohon ɗan sanda ne da ya gaza a aikin ɗamara. Da ya ga darasi ba ya shiga, sai ya koma koya musu lissafin yiwuwa da ƙwayar caca da suka saba gani a titi, ajin ya farka. Da ya lura 'yan ajin suna gudun Dukie saboda warin jiki, iyayensa 'yan ƙwaya ne masu sayar da duk abin da aka ba shi, sai ya shirya masa wurin wanka a makaranta da sassafe, yana kai kayansa gida ana wanke masa. Ba a sa kiɗan tausayi a bayan wannan ba, kyamara ta nuna ta wuce. Na kalli zangon sau biyu, kuma a karo na biyu ya fi yi mini nauyi saboda na san inda kowane yaro zai ƙare.

Tsadarsa matsakaiciya ce, wata biyu. Ƙarko yana da shi, ko da yake wayoyin kan titi da na'urorin kiran da ake amfani da su a zangon farko sun tsufa. A 2021 sashen al'adu na BBC ya tambayi masana 206 daga ƙasashe 43, suka zaɓe shi gwarzon shirin ƙarni na 21, Mad Men na biyu, Breaking Bad na uku. Amma lokacin da ake nuna shi masu kallonsa kaɗan ne, Emmy ko ɗaya bai ci ba, sau biyu kacal aka ma sa shi takara, duka a ɓangaren rubutu.

Matsalarsa ita ce shiga. An ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake ganewa, to wannan shiri ya saɓa wa karin maganar. Kasusuwa uku ko huɗu na farko za su jefa maka mutane fiye da ashirin ba tare da gabatarwa ba, da Turancin titin Baltimore da na ofishin 'yan sanda wanda Amurkawa ma wasu sai da rubutun ƙasan allo suke bin sa. Karon farko ni ma a kashi na uku na ajiye shi, sai bayan shekara na dawo. Ka kunna rubutun ƙasan allo, ka ajiye waya, ka ba shi kashi shida kafin ka yanke hukunci. Zango na biyu zai ba ka mamaki don ya bar unguwar da ka saba ya koma bakin teku, ka daure, yana da dalili. Zango na biyar yana da wani zaren labari da ya yi nisa da gaskiyar da aka san shirin da ita, a nan ne kawai ƙafarsa ta ɗan zame. Ashar tana da yawa ƙwarai, akwai tsiraici jefi-jefi, kisan da ke ciki kuma ba a ƙawata shi.

Breaking Bad

Vince Gilligan ya ɗauki malamin kimiyyar sinadarai a wata sakandare a Albuquerque ta jihar New Mexico, Walter White, ya cika shekara 50, albashi ba ya isa, matarsa na da ciki, likita ya ce masa yana da kansar huhu. Sai ya haɗa kai da tsohon ɗalibinsa Jesse Pinkman suka fara dafa ƙwayar meth, wai don ya bar wa iyalinsa abin da za su rayu da shi. Bryan Cranston ya ci Emmy ta gwarzon jarumi sau huɗu da wannan rawa.

Gwanintar shirin ita ce ba ya tsallake mataki. A kashi na uku, Walter na da wani dillali ɗaure a ɗakin ƙasa, ya rasa yadda zai yi da shi. Ya ɗauki takarda ya raba ta biyu, dalilan barinsa da rai a gefe guda, sun cika layi bayan layi, dalilin kashe shi guda ɗaya tak a ɗaya gefen. Ya kai masa abinci, tari ya sarƙe shi ya faɗi, farantin tangaran ya fashe. Bayan ya farfaɗo suka yi doguwar hira kamar mutanen kirki biyu, har ya yanke shawarar sakinsa. Ya hau sama ɗauko makulli, idonsa ya faɗa kan fasassun farantin a kwandon shara. Ya kwaso su ya jera a kan tebur, ɓari bayan ɓari, sai ga gurbin wani dogon yanki mai tsini babu shi. Haka shirin yake tafiya har ƙarshe: kowane mataki yana da dalilin da za ka iya fahimta, sai ka waiwaya ka ga nisan da aka yi da kai.

Shi ne mafi arha a cikin biyar ɗin, awa 50 ko ƙasa da haka kaɗan, zangon farko ma kashi bakwai ne kawai saboda yajin aikin marubuta na 2007 zuwa 2008. Shi ne kuma mafi sauƙin shiga. Mutanen ba su da yawa, Turancin a sarari yake, kowane kashi yana ƙarewa ta yadda barci zai gagare ka. Ingancinsa hawa yake yi zango bayan zango, kuma ya sauka lafiya: mutum miliyan 10.3 suka kalli kashin ƙarshe a Amurka a Satumban 2013, bayan da farko 'yan kaɗan ne suka san da shi, sai da ya shiga Netflix jama'a suka rufa masa baya. Tsiraici kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da shirye-shiryen HBO, amma akwai jini da shan ƙwaya ƙuru-ƙuru.

Inda ya gaza su The Wire shi ne faɗi da ƙarko. Duniyarsa ƙarama ce, mutum ɗaya da inuwarsa. Rabin daɗinsa fargabar abin da zai faru ne, in ka riga ka sani, wannan rabin ya tafi. Wasu abubuwan kuma sun dogara da katari fiye da kima. Akwai wani haɗari na daban da nake so mai kallo ya lura da shi. Shirin ya iya sa mutum ya goyi bayan Walter har ya tsani matarsa Skyler, wadda laifinta kawai ta ƙi yarda da abin da yake yi. Tsanar ta kai ga Anna Gunn, wadda ta fito a matsayin matar, ta yi rubutu a jaridar New York Times a 2013 kan irin zagin da take sha. Wanda ya gama shirin yana ganin Walter gwarzo ne, bai ga abin da aka nuna masa ba.

Mad Men

Kamfanin talla ne a titin Madison na birnin New York, daga 1960 zuwa 1970. Jon Hamm ne Don Draper, gwanin sayar wa mutane mafarki, wanda shi kansa yake rayuwa da sunan da ba nasa ba. Elisabeth Moss ce Peggy Olson, ta shigo a matsayin sakatariya ta kutsa cikin aikin da maza suka mamaye. Kisan Shugaba Kennedy a 1963 da saukar ɗan Adam a duniyar wata a 1969 duk suna wucewa ta talabijin ɗin ofis da na falo, kamar yadda tarihi ke riskar mutane suna tsakiyar harkokinsu. Ya ci Emmy ta gwarzon wasan kwaikwayo shekara huɗu a jere, 2008 zuwa 2011.

Shi ne mafi yawan kasusuwa, 92, kuma mafi tafiyar hawainiya. Ba a harbi, ba a gudu. Abin da ke faruwa yana cikin kallon da mata ta yi wa miji, ko shirun da ya biyo bayan wata magana a taro. Yana da ƙarko sosai, kuma shekarun mai kallo suna ƙara masa daɗi. Jini kusan babu, amma giya, taba da neman mata sun cika shi, ga raina mata da baƙar fata da aka nuna yadda yake a zamanin. In kashi biyar na farko ba su taɓa ka ba, sauran ma haka suke.

Game of Thrones

Babu shirin da ya tara duniya wuri ɗaya kamarsa. An gina shi a kan littattafan George R. R. Martin, an ɗauke shi a Ireland ta Arewa, Kuroshiya, Sifaniya, Maroko da wasu ƙasashe, ya tara Emmy 59, adadin da babu wasan kwaikwayon da ya kai. Zanguna huɗu na farko sun cancanci duk yabon da aka yi musu: rikicin sarauta, cin amana, da jarumai da ke mutuwa lokacin da ba ka zata ba, saboda kuskuren da suka tafka da kansu.

Sai shirin ya wuce littattafan, domin littafi na biyar ya fito a 2011 kuma na shida bai biyo baya ba. Aka taƙaita zango na bakwai zuwa kashi bakwai, na takwas zuwa shida. Tafiyar da a da take cin zango guda sai ta koma ta minti biyar, mutanen da aka yi shekaru ana gina halinsu suka juya cikin dare ɗaya. Fiye da mutum miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar neman a sake zangon ƙarshe. A ma'aunin haɗari shi ne kan gaba ta kowace fuska: awa 70 da ƙarshen da zai iya ɓata maka na baya, ga tsiraici da fyaɗe da yankan kai fiye da duk sauran. Ban sa shi a sahun gwaraza ba, domin labari da ƙarshensa ake auna shi.

Wani abu da ke damuna da wannan musu shi ne kusan kullum a Amurka yake farawa ya ƙare, a cikin shekara ashirin kacal. Roots na 1977, labarin bauta daga Gambiya zuwa gonakin Amurka, kimanin mutum miliyan 100 suka kalli darensa na ƙarshe. Oshin na tashar NHK ta Japan, kashi 297 masu minti 15 da aka fara a 1983, ya sa mutane kuka a ƙasashe da dama da ba su san komai game da ƙauyen Japan ba. Dekalog na Krzysztof Kieślowski daga Poland, kashi goma da aka jingina da dokoki goma na Attaura, manyan daraktocin duniya suna girmama shi. Wanda ya ce “na kowane zamani” ya kamata ya san da waɗannan.

Wanne ne naka?

In ba ka taɓa bin shiri irin wannan daga farko har ƙarshe ba, ko Turancinka bai gama nuna ba, fara da Breaking Bad. Shi ne mafi ƙarancin asara in bai yi maka ba, kuma da wuya ya ƙi yi maka. In ka gama kana son ƙari, Better Call Saul na nan da kashi 63, labarin lauyan Walter ne, ya fi natsuwa, wasu ma sun fifita shi.

In kana son sanin yadda gari ke aiki, yadda hukuma, makaranta da jarida ke gaza talaka ba tare da wani mugu guda da za a nuna da yatsa ba, kuma za ka iya ba shi hankalinka gaba ɗaya, The Wire ne. Malami, ɗan jarida, ma'aikacin gwamnati da ɗalibin zamantakewa, wannan nasu ne. Kada ka kalle shi a gajiye.

In halin ɗan Adam ne ke jan ka, uwa da ɗa, miji da mata, da tambayar ko mutum yana canzawa, ɗauki The Sopranos, muddin za ka iya jure ƙazantar bakinsa da ƙarshen da ba a bayyana ba. In kana son irin wannan zurfi amma ba ka son jini, Mad Men.

In abin da kake nema yaƙi ne, dodanni da kallo mai cika ido, kuma tsiraici ba zai hana ka ba, Game of Thrones zai ba ka zanguna shida masu daɗi, ka shiga biyun ƙarshe da sanin abin da ke jiranka.

Mai wata ɗaya da 'yan kwanaki kacal ya duba Succession, kashi 39 daga 2018 zuwa 2023, rikicin 'ya'yan wani attajirin kafafen yaɗa labarai kan wanda zai gaji kujerar uban tun yana raye, ya ci Emmy ta gwarzon wasan kwaikwayo sau uku, sai dai bakinsa ya fi na kowa ashar. Mai ƙarshen mako ɗaya kuwa, Chernobyl na 2019: kashi biyar, ƙasa da awa shida, kan fashewar tashar nukiliya ta Tarayyar Sobiyet ranar 26 ga Afrilun 1986 da mutanen da aka tura su kashe wutar.